Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Mun iso wajen da nake ta kewayewa kamar akuya a turke. Rabi, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki irin na 'yan ajinki. Na ba ku labarin yadda na shiga dillancin awaki a kasuwar Ɗambatta, na ba ku na bunsurun da ya tsufa har gemunsa na share ƙasa amma na sayar da shi a matsayin saurayi, mai sayen ya tafi yana sa mini albarka. Kun yi dariya. To yau babu dariya sai wadda ta kuɓuce mini. Yau za mu shiga shekarar da yayanku ya rasu, da yadda aka kai ni wajen likitar da ba ta da allura ba ta da ƙwaya. Na san abin da ake faɗa a bayana. Wasunku sun ce ban ji mutuwarsa ba. Wasu sun ce 'yar birni ce ta juya mini kai har na kunyata gida ranar suna. Duka biyun ba haka ba ne, kuma gara ku ji daga bakina tun yana motsi.

Ku 'yan yanzu kuna ɗaukar ɗan fari ku saɓa a wuya, ku yi masa hoto, ku kira sunansa har maƙwabta su haddace. Mu ba haka muka tarar ba. A garinmu ɗan fari kunyarsa ake ji. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka wasa da shi, ba ku cin kwano ɗaya. Haka ubanmu ya yi wa baffanku Haruna, haka na gani, haka na yi. Ranar sunan yayanku ma tun asuba na sulale gona na ɓuya a cikin dawa, Yaya Haruna ne ya raɗa wa liman sunan. In ina nemansa sai in ce, "Ina yaron nan?" Innarku kuwa "wancan" take cewa. In muka haɗu da mai irin sunansa sai mu ce "mai sunan yaro". Ku duba fa, ni ne Ado. Na tsokani sarkin pawa, na tsokani liman, na tsokani ɗan sanda yana riƙe da wuyan rigata har ya sake ni ya riƙe cikinsa. Mutum ɗaya ne a faɗin duniyar nan ban taɓa tsokana ba, shi ne wanda na haifa da fari. Kuma ban zo in ce muku kuskure muka yi ba. Abin da ya fi maka tsada shi kake rufewa, haka muka fahimta.

Da kaka ne. Shekarar gero ya yi kyau, zangarniya ɗaya sai mutum biyu sun kama, ɗaya gaba ɗaya baya. Yaron nan ya hau babur ya tafi Kano sayo buhuna, a hanyar dawowa babbar mota ta haɗa da shi. Ni ina kasuwa, na buɗe bakin wata akuya ina nuna wa mai saye haƙoranta, ina rantse masa jiya aka yaye ta, sai na ga Yaya Haruna tsaye a kaina. Shi ba ɗan kasuwa ba ne, ko gishiri aikensa yake yi.

Ya ce, "Ado, saki akuyar nan."

Na ce, "Yaya, in na sake ta za ta faɗa masa shekarunta."

Ya ce, "Ado. Saki."

Na saki. Ban ma san inda ta nufa ba.

Aka yi jana'iza, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Uban ɗan fari ba ya kuka, ba ya ma nuna shi aka yi wa mutuwar. Sai a ce, "Ya haƙuri?" ka ce, "Da godiya." Na faɗi da godiya har harshena ya yi kanta. To matsalar, bakina ba ya jiran izinina. Wani Alhaji ya iso da babbar riga mai aiki tana walƙiya, kawai na ji kaina ina cewa, "Alhaji, gaisuwa ka zo ko neman aure?" Tabarma ta ɗauki dariya, kowa ya yi saurin rufe baki da hannu. Aka watse ana cewa Malam Ado akwai tawakkali. Ku kuma kuna cikin gida, katanga ce kawai tsakaninmu, kun ji. Ban manta kallon da kika yi mini da yamma ba, Rabi, da kika fito ɗaukar butoci.

Bayan an share makoki sai tuwo ya ƙi wucewa. Ba wai ba na jin yunwa ba. In gutsuro, in dangwali miya, in kai baki, sai ya tsaya nan a maƙogwaro kamar an sa shingen 'yan sanda. Koko yana wucewa, ruwa yana wucewa, tuwo a'a. Na rame har in iska ta taso sai Innarku ta ɗora mini taɓarya a cinya kada a tsince ni a Minjibir. Aka yi rubutu na sha, aka yi hayaƙi na shaƙa, aka jiƙa saiwoyin da ko jaki ya sha sai ya tuba. Shiru. Rabi ta ɗauke ni zuwa wani asibiti a Kano, suka zura mini wata igiya mai ido ta leƙa cikina kaf, har abin da na ci ranar auren baffanku ta gano, amma ba ta ga ciwo ba. Likitan ya tambayi Rabi wasu abubuwa a gefe, sannan ya ce a kai ni ɗakin ƙarshe, na masu ciwon tunani.

Na shiga ina jiran in ga dattijo mai furfura. Sai ga yarinya, sa'ar yayanku, da tabarau da mayafi, takalmin 'yan ƙwallo a ƙafa, ga gorar ruwa a gefenta kamar tulu. Babu ko tebur tsakaninmu, kujeru ne kawai na roba.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Sunana Safiyya. Ni ba na allura, ba na ba da magani. Magana za mu yi."

Na ce, "Magana? 'Yata, ni da magana na ciyar da gida tun babanki yana yawo ba wando. Da magana magani ce, ai da ni ne babban asibitin ƙasar nan, da layi ake bi a ƙofata."

Ta yi dariya, ta gaske, har ta cire tabarau. Na ce to, na samu kasuwa. Na buɗe mata buhu. Na ba ta labarin bunsuru, na ba ta na ɗan sanda, na ba ta na mahaucin da ya auri mace don tana da babbar tukunya. Ba ta katse ni ba. Sai da na tsaya shan iska ta gyara zama.

Ta ce, "Baba, yanzu na san mutanen kasuwarku har da awakinsu. Anti Rabi ta ce an yi maka rasuwa. Wa ya rasu?"

Na ce, "Yaro ne."

"Ɗanka?"

"Yaron gidanmu."

"Allah ya jiƙansa. Ya sunansa?"

Na yi shiru. Ta zaci kunne ne, ta matso ta ɗaga murya yadda ake yi wa tsofaffi.

"Baba, na ce ya sunansa?"

Na lalubi takalmina na miƙe. Na ce, "Ke ba ki da manya ne a gidanku?" Na fita. Har muka iso gida ban ce wa Rabi uffan ba, kuma ku kun san in Ado ya yi tafiyar mota bakinsa a rufe, to direban ma sai ya waiwayo ya duba ko ina numfashi.

A lokacin Zulai, matar yayanku, tana takaba da ƙaramin ciki. Sun daɗe suna nema Allah bai kawo ba, sai da ya rage masa 'yan watanni a duniya. Cikin na girma, gida ya fara maganar suna. Kowa ya yarda in namiji ne sunan ubansa za a mayar. Uba ba shi da rai, don haka kaka ne zai faɗa wa liman. Kakan kuwa ni ne. Wata rana da la'asar muna zaure, Yaya Haruna ya kawo maganar, Rabi ta shigo da ruwa.

Ya ce, "Kada ka damu, Ado. Ni na raɗa wancan karon, ni zan raɗa wannan."

Rabi ta dire kwanon shan ta ce, "Baba, yana da rai ba ka kira shi ba. Ya mutu ma sai an yi maka aron baki?"

Kada ki sunkuyar da kai, rubuta, ke kika faɗa. Baffanku ya daka miki tsawa kika fita. Ni kuwa na nemi abin tsokana a duk aljihuna ban samu ba. Nan na gane abin da ke gabana: in na bar Yaya ya raɗa, 'ya'yana za su binne ni da yaƙinin cewa ban so yayansu ba. In kuma na ce ni zan faɗa, to da wane baki? Sunan nan bai taɓa bi ta kan harshena ba, ban san ma ko zai gane hanya ba.

Bayan 'yan kwanaki Rabi ta miƙo mini waya ta ce likitar ce. Na karɓa don in ƙarasa mata faɗan.

Ta ce, "Baba, na yi maka ba daidai ba, ka yi haƙuri. Na san da al'adar, kakata tana yi, amma ban kawo ta a raina ba. Ni ma 'yar fari ce, kuma babana sunana yake kira safe da yamma."

Na ce, "Allah ya shirye shi."

Ta yi dariya ta ce, "Amin. Amma tambayar ban janye ta ba fa, ajiye ta na yi. Ba zan sake ɗaukowa ba sai in kai ka ɗauko. Ka dawo, ko labarin mai tukunyar nan ne ka ƙarasa mini, ban ji yadda auren ya ƙare ba."

Yarinyar nan da ta shiga dillanci da ta kore mu daga kasuwa. Ta san ba a bar wa Ado labari a rabi. Na koma.

Haka muka yi ta yi duk rani. Wani lokaci in hau mota in je, wani lokaci ta kira a wayar Rabi, ni kuma in hau kan jujin bayan gida don nan ne kaɗai waya ke kamawa a garinmu. Mutane na wucewa suna ganin dattijo a kan taki yana surutu da hannunsa. Yaya Haruna ya same ni ya ce, "Ado, ka san ko su wa ake kaiwa ɗakin nan?" Na ce, "Na sani, Yaya, shi ya sa na kama maka layi." Bai yi dariya ba. Ita kuwa aikinta wani iri ne. Sai ta bar ni in yi ta zuba, in kai inda dariya ta fi yawa, sai ta ce, "Oke, Baba, tsaya nan. Kafin ka faɗi wannan, me ka tuna?" Kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa, inda ka fi zillewa nan take dannawa. Kuma ta iya shiru. Ban taɓa ganin ɗan zamani da ya iya shiru irin nata ba. Sai ta zuba maka ido ta yi gum, har kai da kanka ka ji tausayin ɗakin ka sa masa magana.

Wata rana ta ce in ba ta labarin cin tuwon dare a gidanmu, yadda ake yi tun da. Na ce me ke cikin cin tuwo? A kawo, a ci, a lashe hannu. Ta ce a'a, daki-daki, wa ke zama ina. Na ce ni ina zaure, nawa kwanon daban. Yaron nan kuma da abokansa suna waje a kan dakali, Innarku na aiko musu da nasu. Ni sai in wanke hannu, in buɗe kwano, in jira. Ta ce jiran me? Na ce sai na ji ƙarar murfin kwanonsu, na ji ya ce bismilla, sannan in kai loma. Tun yana ƙarami haka nake yi, ba wanda ya sani, ko Innarku. Ba na iya tambaya ko ya ci, to sai in saurara. Ina faɗin haka na ji bakina ya tsaya. Ba ta ce ka gani ba, ba ta ce shi ke nan an gano ba. Ta bar ni na zauna da abina. Ashe duk watannin nan ba ciwo ne a wuyana ba, jira nake a buɗe kwano a waje.

Wani zuwan kuma ta jawo kujerar roba ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Baba, ka ɗauka yana zaune a nan. Me za ka ce masa?"

Na ce, "'Yata, wa ya koya muku wannan? Ko da ransa ba zai hau kujera ina zaune ba. Ke kin ga ya yi kama da marar tarbiyya?"

Ta ture kujerar gefe ta ce, "To ina zai tsaya?"

"Bayan ƙofa. Ya rage tsawo, yana kallon ƙasa."

"Kai kuma ina za ka kalla?"

"Bango."

"To kalli bangon. Yi yadda kuka saba."

Na juya na kalli bango, na gyara murya. Dama haka muke magana da shi, kamar akwai wani na uku a tsakani. Na ce, "A gaya wa yaron nan geron da ya shuka an kai rumbu." Na ce, "A gaya masa rumbun bai ɗauke ba, sai da aka ara na maƙwabta." Na buɗe baki in ƙara, sai kuka ya ƙwace mini. Ban yi kuka ranar da aka binne ubana ba. Ranar nan na jiƙe gaban rigata a gaban sa'ar 'yar cikina, ina gurnani kamar raƙumi. Ta turo mini kwalin takardar share hanci, ta koma ta zauna. Da na lafa na ce mata kada ta gaya wa kowa, in ba haka ba farashina zai faɗi a kasuwa. Ta ce abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan yake kwana.

Ranar ce na yi mata tambayar da ke cina. Na ce, "Ke sa'arsa ce. Gaya mini gaskiya. Ya san abin da ke raina game da shi?"

Na so ta ce eh. Da ni ne, da na rantse na ce eh, aikina ke nan, in gaya wa mai saye abin da yake son ji. Ita ta ƙi.

Ta ce, "Ban san shi ba, Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Mu 'yan zamaninmu muna son a faɗa mana abu da baki, wannan gaskiya ne. Amma shi a gidanka ya tashi, ba a namu ba. Kai ka gan shi. Me ka gani?"

Na yi tunani. Sai na tuna in ina majalisa a gindin darbejiya ina zuba, ba ya zama cikinmu, bai kamata ba. Amma kullum a lokacin ne babur ɗinsa ke lalacewa. Sai ya kafe shi can nesa kaɗan, ya tsuguna ya ba mu baya, yana kwance abin da lafiyarsa ƙalau. In na kai ƙarshen labari, sai in ga kafaɗunsa na rawa. Ni kuma in ƙara murya, in ce don kurman cikinmu nake yi. Na gaya mata haka. Ta ce, "To." Iyakar abin da ta ce ke nan. Har yau ban san ko amsa ce ba, amma ita na samu.

Ga abin da nake so ku riƙe da kyau: ba ta taɓa ce mini in faɗi sunan ranar suna ba. Da haihuwa ta matso ni na ɗauko maganar, na ce ta zaɓa mini. Ta ce ba ita za ta zauna a gidan ba bayan an watse, ni ne. Ta ce, "Kun yi maganar da Inna?" Na gwada. Na same ta a tsakar gida tana sheƙe gero, na tsaya a kanta kamar mai bin hanya ya ɓata. To ta yaya mutum biyu za su yi shawara a kan wanda dukansu ba sa ambata? Na ce, "An ce an kusa." Ta ce, "Allah ya raba lafiya." Na ce amin. Ta ci gaba da sheƙa, ni na wuce.

Zulai ta sauka da ruwan shuka, namiji. Ranar suna bayan sallar asuba maza suka cika ƙofar gida, ƙasa a jiƙe, ana raba goro da dabino, rago na ɗaure a jikin darbejiya. Liman ya gyara zama ya ce, "Wa zai faɗa mana?" Yaya Haruna ya yunƙura. Na dafa gwiwarsa. Ya kalle ni, na kalli ƙasa, na ja jiki zuwa wajen liman. Wallahi niyyata raɗa ce. In sa baki a kunnensa, in faɗa, daga ni sai shi sai Allah. Amma ni ban taɓa koyon raɗa ba, muryata a tsakiyar kasuwa ta girma. Na buɗe baki ba abin da ya fito. Liman ya ce, "Na'am, Malam Ado?" Na sake buɗewa, na tattaro duk ƙarfina na tura, sai ya fito gaba ɗaya kamar an ɓalle bakin rijiya.

"Yusufa!"

Mai raba goro ya tsaya da hannu a sama. Ni kuma da ya fito sai na kasa rufewa. Na ce Yusufa. Na sake cewa Yusufa. Ba liman nake gaya wa ba, kowa ya gane, kira nake yi, irin kiran da ake yi wa yaro ya shigo gida magariba ta yi. Hawaye na bin gemuna a gaban surukai, a gaban yaran unguwa. Liman, Allah ya saka masa, ya ɗaga hannu ya ja fatiha da ƙarfi ya rufe ni. A cikin gida wata ta fara guɗa ta katse a tsakiya.

Abin ya ci mini abin da ya ci. Yaya Haruna ya tafi kafin a feɗe rago, ya daɗe bai tako zauren nan ba. A majalisa kuwa har yau in na tsokani mutum ba ya ramawa, sai ya yi murmushi ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, Malam Ado," kamar mai gaida majinyaci. Ku ba ku san zafin wannan ba. Mai tsokanar da ba a rama masa, an yi masa ritaya ne ba a gaya masa ba. Tuwo dai ya dawo yana wucewa a hankali. Ke kuma Rabi kika zo kika durƙusa a gabana, na ce tashi kafin a ce bashi kike roƙo. Na samu 'ya'yana. Wannan na sani, kuma ban yi nadama ba. Da na koma na ba Safiyya labari, ta cire tabarau ta goge ido, na ce a'a, likita, kujerar nan tawa ce, nemi taki.

Amma akwai abin da ban kai mata ba, ban kuma gaya wa kowa ba sai yau. Ranar sunan da yamma, mata sun ragu, na shiga cikin gida. Innarku na bayan ɗaki ita kaɗai tana kankare babbar tukunya. Duk yinin ba ta kalle ni ba. Na tsaya. Na ce, "Sannu da aiki." Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Na ji ka."

Na ce, "Ai har Minjibir sun ji."

Ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da kankara, can ta ce, "Da mu biyu ne. Yanzu ka bar ni ni kaɗai."

Na tsuguna kusa da ita, abin da ban saba ba. Na ce, "Ke ma ki faɗa. Ba kowa a nan. Sau ɗaya. Wallahi ana samun sauƙi."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni. Idonta a bushe.

Ta ce, "Malam, mai rai ake jin kunya. Ni ban gama jin kunyarsa ba."

Ta mayar da kai kan tukunyarta.

Na daɗe a tsugune. Ni da ban taɓa rasa amsa ba a gaban alƙali ko ɗan sanda, na tashi na fita.

Don haka ku saurara, ku duka. Na ji kuna ƙorafi wai Inna ba ta sakin jiki da yaron Zulai, ba ta kiran sunansa, in ya rarrafo wajenta sai ta kau da kai ta ce a ɗauke wancan kada ya faɗa wuta. Na ji har kuna shawarar a kai ta wajen Safiyya ita ma. In ta ce za ta je da kanta, ni zan raka ta, in nuna mata ɗakin. In ba ta ce ba, kada wanda ya matsa mata, ko ina raye ko na tafi. Ni na kira shi, na yarda ya tafi. Ita nata yana nan, ya je Kano sayo buhuna.

Ajiye alƙalamin, Rabi. Ya isa haka yau.